Sambatun Majinyaci Ba Shaida Ba Ne

Ya ku jama'ar Gusau da Tsafe da Bungudu, ku saurara. Bayan Nasara sun ci Sakkwato a 1903, dokarsu ta hana shayar da gwaska don gane maye. A 1960 kuma dokar Jihar Arewa ta mai da jifan mutum da maita laifi. Tun gabanin haka Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari. Amma har yau yaro mai sanƙarau, cutar da ta auka wa Zamfara a 2017, ya ambaci tsohuwa cikin sambatu, sai a ce ta kama kurwarsa. Wa ya gani? Ina shaidu adilai? Ku kai yaro asibiti, ku bar wa tsohuwa mutuncinta. Allah Ya tsare mu daga mummunan zato, amin.