Sharhi: Hoton Baƙin Rami da Jarrabawar Einstein



Ranar 10 ga Afrilun 2019 masana taurari suka nuna wa duniya wani hoto dishi-dishi, kamar gammon wuta da duhu a tsakiyarsa. Baƙin rami ne da ke cibiyar gungun taurarin M87, wuri mai tsananin ja wanda ko haske ya faɗa ciki ba ya fitowa. Nauyinsa ya kai na rana biliyan 6 da rabi, kuma hasken da aka kama ya shekara miliyan 55 a hanya.

Ba na'ura ɗaya ta ɗauke shi ba. A Afrilun 2017 aka haɗa na'urorin hangen nesa 8, daga Chile da Meksiko da Sifaniya da Amurka har ƙuryar kudancin duniya, suka yi aiki tare a lokaci guda. Bayanan sun yi yawan da intanet ba za ta iya ɗauka ba, sai a jirgin sama aka yi jigilarsu.

To, wahalar ta mece ce? Tun 1915 Albert Einstein ya ce abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci, haske kuma dole ya bi lanƙwasar. An fara gwada maganar a husufin rana na 1919, a tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini da kuma Sobral ta Brazil. Amma jan rana ba shi da ƙarfi idan aka kwatanta. A bakin ramin ne lanƙwasar ke kai maƙura, kuma lissafin Einstein ya faɗi girman inuwar da za a gani da siffarta.

A ganina hoto na biyu ya fi na farko nauyin hujja, ko da yake bai samu irin wancan yayi ba. Shi ne na ramin da ke tsakiyar namu gungun taurarin, wanda aka fitar ranar 12 ga Mayun 2022. Tun kafin hoton, masana taurari Reinhard Genzel da Andrea Ghez sun daɗe suna bin taurarin da ke zagaye shi, har suka auna nauyinsa: kusan rana miliyan 4. Ke nan an san amsar da lissafi ya bayar kafin a duba. Da aka duba, girman zoben ya dace.

Sai dai kada a yi saurin buga tambura. Hotunan ba su fita tas ba, akwai sauran gurbin da wata ka'ida za ta iya ɓuya a ciki. Shi ya sa ake neman ƙarin na'urori, har da wadda ake shirin kafawa a Namibiya. Einstein ya ci wannan jarrabawa, amma tambayoyi masu wuya suna gaba.