SHARHI: Yadda yaƙin Ukraine ya sake zana taswirar ɗalibai masu yawon buɗe ido a yankin Baltik

Shekaru kaɗan da suka wuce, ɗalibin da ya saɓa jakar goyo da ɗan guzurinsa zai iya kewaye gabashin Tekun Baltik ba tare da wata fargaba ba. Zai tashi daga Helsinki, ya hau jirgin ƙasa na Allegro zuwa Saint Petersburg, ya tsallaka Narva ya shiga Estoniya, sannan ya gangara Latbiya da Lituweniya a cikin bas. A yau wannan da'ira ta tsinke, kuma abin da ya rage na hanyar yana nuna yadda siyasar tsaro ta shiga aljihun talaka.

An dakatar da Allegro a watan Maris na 2022, makonni kaɗan bayan Rasha ta afka wa Ukraine. A watan Satumba na shekarar, ƙasashen Baltik uku da Poland suka daina barin Rashawa masu bizar yawon buɗe ido shiga ƙasashensu. Finland ta rufe dukkan mashiganta na ƙasa da Rasha a ƙarshen 2023, bayan ta zargi hukumomin Mosko da turo masu neman mafaka zuwa iyakarta da gangan. Gadar Narva kuwa, tun watan Fabrairu na 2024 motoci ba sa bin ta, sai masu tafiya a ƙafa. Saboda haka hanyar da ta fi sauƙi ga matafiyi a yanzu ita ce ta arewa zuwa kudu: jirgin ruwa na kimanin awa biyu daga Helsinki zuwa Tallinn, bas na fiye da awa huɗu zuwa Riga, wani kuma kamar haka zuwa Vilnius.

Wannan layi yana da tarihi. A kansa ne mutane kusan miliyan biyu suka riƙe hannun juna a ranar 23 ga Agusta, 1989, daga Tallinn har Vilnius, suna neman ƴanci daga Tarayyar Sobiyet. Sun samu a 1991, suka shiga Tarayyar Turai da NATO a 2004, suka shiga yankin Schengen a 2007. Sai dai layin dogon da suka gada mai faɗin milimita 1520 ne irin na Rasha, wanda aka shimfiɗa domin ya kai kaya da mutane gabas. Aikin Rail Baltica, mai tsawon kilomita 870, shi ne zai haɗa su da Poland da layi mai faɗin milimita 1435 irin na sauran Turai. An ƙiyasta kuɗinsa Yuro biliyan 5.8 a 2017, amma ƙiyasin 2024 ya haura biliyan 20, kuma kashin farko ma sai 2030 ake sa ran kammala shi. Gwamnatocin yankin suna kallonsa a matsayin hanyar kai dakaru da makamai, shi ya sa ba su watsar da shi ba duk da tsadarsa. Kafin nan, ɗalibi da bas zai ci gaba da tafiya.

Arahar da aka san yankin da ita ma ta ja baya. Estoniya ta karɓi Yuro a 2011, Latbiya a 2014, Lituweniya a 2015, abin da ya sauƙaƙa wa baƙo wahalar canjin kuɗi. Amma a 2022 hauhawar farashi ta zarce kashi 20 cikin ɗari a dukkan ƙasashen uku, mafi tsanani a yankin masu amfani da Yuro, saboda tsadar makamashi da abinci. Daga baya Estoniya ta ɗaga harajin kayayyaki zuwa kashi 22 a 2024, sannan kashi 24 a Yulin 2025, ta kuma ɗaga na masauki daga kashi 9 zuwa 13. Babban dalili shi ne kuɗin tsaro, domin Estoniya da Lituweniya sun ƙuduri kashe aƙalla kashi 5 cikin ɗari na ma'aunin arzikinsu a kan soja. Baƙon da ya kwana uku ya wuce yana jin nauyin na ɗan lokaci. Ɗan ƙasa mai ƙaramin albashi kuwa kullum yana tare da shi.

Alamun zaman ɗar-ɗar ba su tsaya a farashi ba. A 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da sauka a Tartu na tsawon wata guda saboda katsalandan ga siginar GPS. An sha lalata wayoyin lantarki da na sadarwa a ƙarƙashin teku, har NATO ta ƙaddamar da sintiri na musamman a Janairun 2025. Mai bin bas daga Vilnius zuwa Warsaw yana ratsa zirin Suwałki, ɗan tsukin da ke tsakanin Belarus da yankin Kaliningrad na Rasha, inda Poland ta dawo da binciken takardu tun Yulin 2025.

Wannan bincike ya fi shafar wanda fasfonsa ba na Turai ba ne. Ɗalibin Najeriya da ke karatu a Tartu ko Kaunas da takardar zama yana da damar yawo a ƙasashen Schengen na kwana 90 cikin kowane 180, amma lallai ne ya riƙe fasfo da katinsa a kowace tafiya. Wanda ke gida kuma sai ya biya Yuro 90 kuɗin biza, waɗanda ba a mayarwa, alhali a shekarun baya-bayan nan ana ƙin amincewa da fiye da kashi 40 cikin ɗari na buƙatun ƴan Najeriya.

Babu mai musun cewa ƙasashen Baltik suna da dalilin tsoro, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Tambayar da ke gaban shugabanninsu ita ce yadda za su tsare iyakarsu ta gabas ba tare da sun ƙuntata ƴancin zirga-zirgar da iyayensu suka tsaya a kan titi dominsa a 1989 ba.