Fenti Sabo, Ƙasa Tsohuwa: Wa Aka Tasa Kafin a Ba Mu Haya?

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibinmu da ya sami aiki a Ikko ya zo mana da albishir, bakinsa har kunne, wai ya kama hayar ciki biyu da falo a wani bene da aka gyara a wajen Lekki. Ya nuna mana hotuna: ga tayil yana ƙyalli, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga taga da in ka buɗe ta sai ka hangi ruwa. Muka yi masa murna kamar yadda ya cancanci malami ya yi wa ɗalibinsa. Amma da muka tambaye shi su wa ke zaune a wannan wuri kafin a kafa benen, sai ya yi shiru. Wannan shirun shi ne dalilin rubutunmu.

Mu sana'armu ita ce bin diddigin kalmomi, don haka bari mu fara da kalmar da dillalan gidaje suka fi ƙauna, wato "gyara". Bahaushe in ya ce ya gyara gida, nufinsa ya yi yaɓe, ya toshe yoyo, mutanen gida kuma suna nan ciki. A bakin ruwan Ikko kuwa kalmar ta sake ma'ana: gyaran unguwa shi ne a kawar da mutanenta. Haka ma "raya birni" da "sabunta gaɓar ruwa", duk rigunan ado ne da aka sa wa katafila.

Mai karatu kada ya ɗauka zargi muke yi ba hujja. A watan Yulin 1990, tsakiyar damina, gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta ba mutanen Maroko wa'adin kwana 7, sannan ta rushe unguwar baki ɗaya. An ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne suka rasa matsuguni. Dalilin da aka bayar shi ne wurin kwari ne, ruwa na cinye shi, bai dace ɗan Adam ya zauna ba. To, a nan gizo ke saƙa. Da aka kori talaka sai aka cike wurin da yashi, aka yanka filaye, ya zama ɗaya daga cikin wurare mafi tsada a ƙasar nan, wato yankin Oniru da bakin Lekki. Ashe kwarin yana da magani. Me ya hana a zuba yashin nan tun mutanen suna wurin? Waɗanda aka ce an sake wa matsuguni a Ilasan da Ikota da Epe kaɗan ne ƙwarai cikin jama'ar, gidajen ma da yawansu ba a kammala su ba.

Da a ce wannan aikin soja ne kawai, da mun ce ya tafi da kakinsa. Ina! A 2012, ƙarƙashin farar hula, an sare wani ɓangare na Makoko, inda masunta suka kafa gidajensu bisa ruwa. Daga Nuwamba 2016 zuwa Afrilu 2017 aka tashi Otodo Gbame, ƙauyen masunta Egun da ke gefen Lekki, har mata da yara suka gudu cikin kwalekwale suka rasa inda za su sauka. A watan Yunin 2017 babbar kotun jihar ta yanke hukuncin cewa korar mutanen bakin ruwa ba tare da an tanadar musu wurin zama ba ta saɓa wa tsarin mulki. Hukunci ya fito, amma ƙauyen ya riga ya zama fili. A Janairun 2020 kuma sai ga sojan ruwa a Tarkwa Bay.

Za a ce mana, to mene ne laifin ɗan haya? Shi bai tuƙa katafila ba, guminsa ya biya. Gaskiya ne, ba ma kuwa ce masa ɓarawo. Sai dai ba don ana da tabbacin cewa irinsa za su zo da kuɗi a hannu ba, da babu wanda zai wahalar da kansa ya kori masunci. Hangen ruwan nan da aka ƙara masa kuɗi saboda shi, gonar wani ce da aka ƙwace. Wanda ya sayi nama ba ya cewa bai san an yi yanka ba.

Abin ban haushi ma shi ne, shi kansa ɗan hayar ba tsira ya yi ba. Ɗalibin namu ya lissafa mana abin da ya biya: kuɗin haya a dunƙule, la'adar dillali, kuɗin takardar yarjejeniya, kuɗin ajiya na ko-ta-kwana, sannan kuɗin hidima na shekara don mai gadi da shara da man janareta. Ruwan famfon gidan ba ya shayuwa, sai ya saya, alhali ga ruwa nan shimfiɗe a gaban tagarsa. Damina ta farko kuwa fentin nan ya soma kumbura, danshi ya hau bango, domin an gyara abin da ido ke gani ne, ba a taɓa magudana ba. Wanda ya ga ambaliyar Yulin 2017, lokacin da aka tuƙa kwalekwale a kan titin Victoria Island, ya san yashi ba ya sa ruwa ya manta da hanyarsa. In kuma ya ce zai fake da doka, to ya tuna cewa dokar haya ta jihar Legas ta 2011, wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya gaba, da bakinta ta tsame Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA. Ma'ana, inda haya ta fi tsada nan doka ta ɗauke kai.

Kada kuma wani ɗan'uwanmu ya ce wannan rigimar Yarabawa da Egun ce, ba ruwanmu. Wa ke gadin ƙofar benen? Wa ke ɗinka takalma a bakin titinsa, wa ke dafa shayi da asuba? Namu ne da yawansu. Ana son aikinsu, ba a son ganin shimfiɗarsu. A Yunin 2022 aka hana acaba a ƙananan hukumomi 6, ciki har da Eti-Osa, inda waɗannan benaye suke. Kowa ya san 'ya'yan wa suka fi yawa a kan baburan.

Ba mu ce a bar unguwanni cikin ƙazanta ba, don babu mai hankalin da zai yi wa kwatami waƙa. Muna cewa ne a gyara wuri da mutanensa a ciki, in kuma tashin ya zama dole, a gina musu matsuguni kusa da ruwan da suke ci daga gare shi kafin katafila ta iso, a kuma biya su diyya. Masunci da aka kai tudu nesa da gaɓa, an raba shi da sana'arsa ke nan, ko da an ba shi ɗaki.

Ɗalibin namu dai ya koma Ikko. Wa'adin hayarsa zai cika nan da wata 4, kuma mai gidan ya riga ya aiko masa da takardar ƙarin kuɗi, wai unguwar ta ƙara daraja.