Kimiyya Da Zamani: Ido A Sama, Ƙafa A Ƙasa

A cikin watan Maris na 2016 aka yi gasar tseren ƙananan jiragen sama marasa matuƙi a birnin Dubai, inda wani yaro ɗan Ingila mai shekara 15, Luke Bannister, ya zo na ɗaya, ƙungiyarsa ta tashi da dala 250,000. Abin mamaki shi ne, ba jirginsa yake kallo a sama ba. Yana zaune ne sanye da wani irin tabarau, yana ganin duk abin da ke gaban jirgin tamkar shi ne a cikinsa. Wannan dabara ita ce Turawa suka taƙaita sunanta da FPV, watau kallo da idon matuƙi. To, mai sha'awar farawa, ta ina zai ɓullo wa al'amarin?

Kayan aikin dai huɗu ne. Da farko akwai 'yar kyamara da ake ɗaurawa a hancin jirgin. Na biyu, na'urar watsa hoto, wadda aikinta daidai yake da na gidan talabijin, illa dai ba ta kai girman kwalin ashana ba. Na uku, eriya guda biyu, ɗaya a jirgi, ɗaya a ƙasa. Na huɗu kuwa shi ne tabaran da ke kama hoton, ko kuma ƙaramin allo ga wanda bai da halin tabarau. Galibi akan sarrafa jirgin a kan zangon gigahaz 2.4, hoton kuma ya sauko a kan gigahaz 5.8, don kada su yi karo da juna.

Wanda ya saba kamo tashoshin nesa a kan mita 49 ya kamata ya san cewa a nan labarin ya sha bamban. Tsawon igiyar gigahaz 5.8 bai wuce santimita 5 da 'yan kai ba, saboda haka bango ko itace mai duhuwa ya isa ya tare ta. Da zarar jirgi ya shige bayan gini, sai hoto ya ɗauke.

A nan ne sababbin shiga kan yi kuskuren farko, su ɗauka cewa na'ura mai ƙarfi ita ce magani. Alhali kuwa sai an ninka ƙarfin watsawa sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu kacal. Mai miliwat 25 ta wadatar da mai koyo a fili fetal. Mai miliwat 600 kuwa ta fi shan batir, ta fi zafi, kana ta danne hoton maƙwabci. Kuɗin da za a kashe a kan ƙarfi gara a sa shi a eriya mai nagarta. Sai dai a lura, eriya mai murɗaɗɗiyar igiya iri biyu ce, mai juyin dama da mai juyin hagu, kuma wajibi ne ta jirgi da ta ƙasa su zama iri ɗaya. Bugu da ƙari, ba a kunna na'urar watsawa sai eriya na jikinta, in ba haka ba ƙarfin ya koma ciki ya ƙone ta.

Batu na gaba shi ne jinkiri. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ke nan idan hoto ya makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, jirgin ya riga ya wuce inda matuƙi ke gani da kusan mita 3. Shi ya sa hoton da ke zuwa wayar hannu ta Wi-Fi bai dace da wannan aiki ba. Tsohon tsari irin na talabijin ɗin da, wanda ake kira analog, hotonsa dishi-dishi ne, amma yana da araha, ba ya jinkiri, kuma in sigina ta fara rauni sai ya cika da tsaki-tsaki sannu a hankali, matuƙi ya gane lokacin juyowa ya yi. Tsarin dijital, wanda kamfanin DJI na ƙasar Sin ya yayata tun 2019, hotonsa tangaran ne, amma da tsada. Tun da yake faɗuwa ba makawa ce ga mai koyo, gara ya faɗi da kaya masu araha.

Kafin ma a sayi jirgi, abin da ya fi dacewa shi ne a sayi rediyon sarrafawa, a haɗa shi da kwamfuta, a yi ta gwaji a manhajar koyon tuƙi irin su Liftoff ko VelociDrone har hannu ya faɗa. Batirin litiyam kuma ba a barinsa a caji babu mai tsaro, ba a ajiye shi cikin rana, domin in ya kumbura ko ya huje yana iya kama wuta.

Abu mafi muhimmanci shi ne, wanda ya sa tabarau ya sami ido a sama, amma ya zama makaho a ƙasa. Ba ya ganin yaron da ya shigo fili, ba ya ganin jirgin da ke tahowa ta bayansa. Don haka dokar Amurka ta wajabta masa ya sami mai tsaya masa a gefe yana bin jirgin da ido, kuma a ƙa'ida kada ya haura ƙafa 400, kimanin mita 120. Ba wasa ba ne: a watan Disamba na 2018 rahoton ganin irin waɗannan jirage ya sa aka rufe filin jirgin saman Gatwick na Ingila, tafiyar fasinjoji kusan 140,000 ta wargaje. A Nijeriya ma, a watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta hana tayar da jirage marasa matuƙi sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Mai hankali sai ya tuntuɓi hukuma tukuna, ya kuma nisanci filayen jiragen sama da barikoki da tarukan jama'a.

Saboda haka, a fara da kwamfuta, a bi da izini, sa'an nan ƙaramin jirgi da aboki a gefe. Tabarau mai tsada ya jira tukuna. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.