Wuƙa Ba Ta Kai Ga Zuciya: Raddi Ga Masu Cewa Bishara Ta Umarci A Yanke Gaɓoɓi

A wajajen shekarar 1771 hukumomin Rasha suka gano wasu manoma a lardin Oriyol da suka dandaƙe kansu da sunan bin Almasihu. Daga nan ƙungiyar da aka sani da Skoptsi ta fito fili. Jagoranta Kondrati Selibanof ya sha bulala, aka kore shi zuwa Saibiriya, ya dawo ya tara mabiya har cikin attajirai, ya mutu a tsare a wani gidan sufaye a garin Suzdal a 1832. Namijin da ya cire 'ya'yan marainansa sukan ce ya sami ƙaramin hatimi, wanda ya cire gabansa ɗungum ya sami babba. Mata kuma nono ake yanke musu. Da ƙarfen da aka gasa a wuta aka fara yin aikin, shi ya sa suka kira shi baftismar wuta. Ba a daina gurfanar da su gaban kotu ba har zamanin Tarayyar Sobiyet, wajajen 1929 da 1930.

Ƙungiyar ta shuɗe, hujjojinta kuwa suna nan da rai. Akan ji su daga bakin saurayin da zunubi ya hana barci har ya fara ganin jikinsa a matsayin abokin gaba. Akan kuma ji su daga bakin mai muhawara da ke cewa da Kiristoci na bin littafinsu da gaske, da rabinsu masu ido ɗaya ne. Karatun mutanen biyu iri ɗaya ne, kuma kuskure ne. Zan ɗauki hujjojin da ƙarfinsu, ba zan rage musu komai ba.

Hujjarsu ta farko ita ce Matiyu 5:29-30, inda Yesu ya yi maganar ƙwaƙule idon dama da yanke hannun dama idan suna sa mutum tuntuɓe, da makamancinta a Matiyu 18 da Markus 9, inda aka ƙara da ƙafa. Suka ce umarni ne a sarari, mai yi masa tawili kuwa tsoron wuƙa ne ya kama shi.

To, a koma aya ɗaya baya. A aya ta 28 Yesu ya riga ya faɗi inda zina take aukuwa kafin jiki ya motsa: a zuciya. Yaya zai nuna cutar a zuciya, sa'an nan a numfashi na gaba ya rubuta magani a ido? A Markus 7 ma ya jera abubuwan da ke ƙazantar da mutum, kamar fasikanci da sata da kisankai da kwaɗayi da girmankai, ya ce duka daga ciki suke fitowa. Sai kuma a lura cewa idon dama kaɗai aka ambata. Mu ƙaddara mutum ya ƙwaƙule shi. Na hagu yana nan, yana ganin abin da na dama ke gani. Ya ƙwaƙule na hagun ma, tunani bai makance ba, hoton da ya riga ya shiga kai yana nan daram. Ɓarawon da ya rasa hannu yana iya aika yaro ya ɗauko masa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Wanda ya saba karanta Bishara ya san yadda Yesu ke kambama magana don ta girgiza mai ji: gungumen itace a cikin ido, raƙumi ta kafar allura, masu tace sauro su haɗiye raƙumi. Ba a taɓa samun wanda ya je neman gungume a idon maƙwabcinsa ba. Me ya sa sai a nan kaɗai za a ce salon ya canza? Hujja mafi ƙarfi kuwa ita ce abin da waɗanda suka ji maganar da kunnensu suka yi. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku da harshensa. Bayan tashin Yesu daga matattu, ba a ce masa ya yanke harshen ba, kiwon tumaki aka danƙa masa, kuma da harshen nan ya yi wa'azi ranar Fentikos. Bulus, a Afisawa 4:28, ya gaya wa ɓarawo abin da zai yi da hannuwansa: ya daina sata, ya yi aikin halal da su, har ya sami abin bai wa mabukaci. A duk Sabon Alkawari babu almajiri ko ɗaya da ya yanke gaɓarsa.

Cewa tawili sassauci ne, ban yarda ba ko kaɗan. Yahaya Kirisostom, wanda ya yi wa'azi a Antakiya a ƙarshen ƙarni na huɗu, ya fahimci ido da hannun nan a matsayin mutanen da suka fi kusa da mu, waɗanda muke ji da su kamar idonmu amma suke jan mu zuwa hallaka. A tambayi wanda ya bar sana'ar da ke ciyar da iyalinsa domin akwai ha'inci a ciki, ko wanda ya raba gari da aminin ƙuruciya, ya faɗi ko abin da sauƙi. Wuƙa ta minti ɗaya ce. Wannan rabuwar kuwa kowace safiya sai an sabunta ta.

Hujja ta biyu ita ce Matiyu 19:12, inda Yesu ya ambaci babanni iri uku: waɗanda aka haifa haka, waɗanda mutane suka mayar haka, da waɗanda suka mai da kansu haka saboda Mulkin Sama. A kan wannan ayar Skoptsi suka gina komai nasu. Amma zancen da ake yi a wurin na saki ne. Yesu ya tsaurara sharaɗin rabuwa da mace, almajirai suka ce in haka ne gara kada mutum ya yi aure, shi kuma ya amsa cewa zama ba aure baiwa ce, ba kowa aka ba ba. Tambayar a kan aure take, amsar ma a kan aure take. Haka Bulus ya bi da batun a 1 Korintiyawa 7, inda ya yaba wa zaman gwauranci domin hidima, ya kuma ce wanda ba zai iya kame kansa ba ya yi aure. Da akwai hanya ta uku ta wuƙa, nan ne wurin faɗarta, bai kuwa faɗa ba. Kada kuma a manta masu sauraron Yesu Yahudawa ne da suka san Maimaitawar Shari'a 23:1, wadda ta hana dandaƙaƙƙe shiga taron jama'ar Ubangiji, da Littafin Firistoci 22:24, wanda ya hana ko dabbar da aka yi wa haka a miƙa ta hadaya.

Sai su ce, ai Orijen, babban malamin Iskandariya, ya aikata. Labarin ya zo ne daga Yusibiyus, a littafi na shida na tarihin ikilisiya da ya rubuta shekaru da dama bayan mutuwar Orijen, kuma akwai masana da ke shakkar aukuwarsa. Mu ɗauka ya auku. Yusibiyus, wanda ke ƙaunar Orijen ƙwarai, ya ɗora abin a kan ƙuruciya da rashin nunar hankali, ya ce Orijen ya yi ƙoƙarin ɓoye shi. Orijen da kansa, a sharhinsa na Bisharar Matiyu da ya rubuta da girmansa, ya yi watsi da karanta ayar a zahirinta, ya gargaɗi samari a kai. Shaidan da suka kira ya ba da shaida a kansu. Gaskiya ne an sami masu wannan zafin kai tun da wuri: Yustin Shahidi ya ba da labarin wani saurayi a Iskandariya da ya nemi izinin gwamna Filikus don likitoci su dandaƙe shi, gwamnan ya ƙi sa hannu. Yawan irinsu ne ya sa, da shugabannin ikilisiya suka taru a Nikiya a 325, dokar farko cikin dokokinsu ashirin ta tsaya a kan wannan batu. Wanda likita ya yi wa aiki saboda ciwo, ko wanda maƙiya suka yi wa da ƙarfi, yana nan a matsayinsa na hidima. Wanda kuwa ya yi wa kansa da lafiyarsa ƙalau, a sauke shi, kada kuma a naɗa irinsa. Wannan bambanci ya isa amsa ga mai tambayar hukuncin yanke ƙafar da ciwon suga ya ruɓar. Likita yana yanke gaɓa don ya ceci jikin ne.

Akwai masu kawo kaciya, wai ai Allah da kansa ya umarci a yanka. Kaciyar Farawa 17 alamar alkawari ce, kuma alkawarin na zuriya ne, wato an ba da ita tare da albarkar haihuwa, ba ta kashe aikin gaɓar ba. Ko ita ɗin ma, taron Urushalima a Ayyukan Manzanni 15 ya ƙi ɗora ta a kan al'ummai. A Galatiyawa 5:12, da ran Bulus ya ɓaci da masu tilasta kaciya, dandaƙa ce ya ambata a matsayin mummunan abin da ya dace da su, a ƙasar da firistocin gunkiya Sibil suka yi suna da dandaƙe kansu. Game da mata kuwa, daga Farawa har Wahayi babu aya ɗaya da ta ce a taɓa jikin 'ya mace da aska. Iyayen da ke kai 'yarsu wurin wanzami don kaciya ko yankan gishiri, a coci suke ko ba a coci ba, su sani al'ada suke bi, kuma dokar Nijeriya ta 2015 ta haramta kaciyar mata.

Hujja ta gaba ta fi sauran wayo. Sun ce Bulus ya kira jiki abokin gaban Ruhu, ya ce yana horon jikinsa, ya ce yana ɗauke da tabban Yesu. A duba jerin ayyukan halin mutuntaka a Galatiyawa 5: akwai kishi, da jayayya, da sihiri, da tsattsaguwa. Wace gaɓa za a yanke a rabu da kishi? Horon da ya ambata a 1 Korintiyawa 9 na ɗan tsere ne, mai gina jikinsa don ya kai ƙarshen fili. Tabbansa kuwa wasu ne suka yi masa: bulala talatin da tara har sau biyar, duka da sanduna sau uku, jifa sau ɗaya. A Ayyukan Manzanni 22, an riga an miƙe shi an ɗaure da tsirkiya za a tsala masa bulala, sai ya juya ga jarumin sojan da ke tsaye ya tambaye shi ko doka ta yarda a doki ɗan ƙasar Roma ba tare da shari'a ba, nan take aka janye. Mai neman lada ta hanyar raunata jiki ba zai yi haka ba. Shi ne kuma ya rubuta wa Kolosiyawa cewa gallaza wa jiki yana da kamannin hikima amma ba ya hana sha'awa komai.

Su wane ne ma ke tsaga jikinsu a Littafi Mai Tsarki? Annabawan Ba'al ɗari huɗu da hamsin a Dutsen Karmel, suna ihu suna yanka kansu da takuba har jini na zuba, ba wanda ya amsa musu. Sai mutumin nan mai aljanu da ke kwana a makabarta yana kukkuje jikinsa da duwatsu, wanda aka same shi zaune, saye da tufa, cikin hankalinsa bayan Yesu ya warkar da shi. Sai masu makoki irin na arna, waɗanda Littafin Firistoci 19:28 ya hana Isra'ila koyi da su. Yesu kuwa shanyayyen hannu ya miƙar, makafi ya buɗe wa ido, kuma a daren da aka kama shi, da Bitrus ya sare kunnen Malkus bawan babban firist, ya taɓa kunnen ya warkar. Dalilin duk wannan yana 1 Korintiyawa 6: jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, an saye shi da tsada, ba mallakarsa ba ne, kuma Allah zai tashe shi. Amana ce a hannunmu, mai ita zai tambaya.

Ishaya 56 ya yi wa babanni masu kiyaye alkawari albishir da suna mai ɗorewa a gidan Allah, Filibus kuma ya yi wa ma'ajin sarauniyar Habasha baftisma a hanyar Gaza. Skoptsi sun ɗauki wannan yabo ne ga dandaƙa. Jinƙai ne ga wanda aka riga aka cuta, yana gaya masa ƙofa a buɗe take, kuma ikilisiyar da ke ƙyamar nakasasshe ta saɓa masa. Ba izini ba ne a ƙara yawan waɗanda aka cuta.

Saura zargi ɗaya, shi ne mafi nauyi, kuma ba na Skoptsi ba ne. Mai muhawara zai ce, in haka koyarwarku take, yaya aka yi ɗaruruwan shekaru ana dandaƙe yara maza a Italiya don muryarsu ta zauna siririya, suna waƙa har a ɗakin sujada na Sistin a Roma? Wannan ya faru. Tun ƙarni na goma sha shida ake ɗaukar irin waɗannan mawaƙa, yawancinsu 'ya'yan talakawa, ba a rufe ƙofar ba sai a farkon ƙarni na ashirin, kuma na ƙarshensu da ya yi suna, Alesandiro Moreski, an naɗi muryarsa a faifai a 1902 da 1904, ya rasu a 1922. Zalunci ne, babu wani suna da za a ba shi. Amma ba a kafa shi da Matiyu 5 ko Matiyu 19 ba. Daɗin murya aka bi, da hana mata waƙa a coci. Dokar ikilisiya ta ci gaba da haramta aikin a duk tsawon lokacin, shi ya sa akan ƙirƙiro wa yaron labarin faɗuwa daga doki ko cizon alade don a rufe asirin abin da aka yi masa.