Kafin ka sayi injin walda, fara duba wutar shagonka

Ɗan'uwa, in kana shirin buɗe shagon walda a Jega, Aliero ko Maiyama, kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga ɗan ƙaramin inbata an rubuta masa 400A, amma da ƙyar yake narkar da rodi 3.2. Alhali rodi 3.2 amp 90 zuwa 130 ya ishe shi, na 2.5 ma bai kai haka ba. Ka sa a gwada maka injin da rodi a gabanka kafin ka biya.

A ganina, mafi yawan masu ƙofa, taga da gyaran amalanke inbata ya fi dacewa da su. Dalili wuta ce. Tsohon injin transifoma yana jan wuta sosai, in wutar Kaduna Electric ta zo da rauni sai rodi ya riƙa maƙalewa a ƙarfe. In kuma janareta za ka tayar, sai babba, ga kuɗin fetur tun cire tallafi a 2023. Inbata kuwa ka ɗaure shi a bayan mashin ka kai shi har gonar albasa a Aliero.

Amma fa yana da rauninsa. Ƙurar hunturu da zafin bazara na kashe allon cikinsa, haka janaretan da wutarsa ke hawa da sauka. Transifoma in ya ƙone, mai naɗin waya zai sake naɗa shi; inbata sai an samo allo. Don haka mai aikin ƙarfe mai kauri tun safe har yamma, a shago ɗaya, kada ya yi saurin sayar da transifomarsa.

Duba kuma kason da ke jikin injin. In an rubuta 60%, a amp ɗin da ke gefensa minti 6 zai yi aiki cikin 10, ya huta 4.

MIG da TIG fa? Aikinsu da kyau, musamman TIG a kan alminiyum. Sai dai da gas suke aiki, kuma shagon bakin titi iska ke kwashe gas ɗin, walda ta fito da ramuka. Kafin ka saya, tambayi inda za ka riƙa cika tukunyar, da kuɗin motar kai ta da dawo da ita.