RA'AYINMU: Malamin Kimiyya Tsakanin Gida Biyu

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin manhajar digirin farko. Ta riƙe kashi 70 cikin 100 a hannunta, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara gwargwadon bukatar jama'ar da take zaune a cikinsu. To, mu a wannan mujalla muna da abin da muke so a zuba cikin wannan kaso, kuma maganarmu a kan ɗalibi guda ce, watau wanda ake shiryawa domin ya koyar da kimiyya a makarantun sakandare.

Ga wanda bai san yadda karatun yake ba, bari mu ɗan fayyace. Wanda ya shigo da takardar sakandare, mai kyakkyawan sakamako a darussa biyar har da Ingilishi da Lissafi, shekara huɗu ce a gabansa. Wanda ya zo da takardar NCE kuwa, shekara uku. A cikin waɗannan shekaru kaya biyu yake ɗauke da su. A Tsangayar Kimiyya yana zama aji ɗaya da masu neman digirin Kemistiri ko Fiziks ko Bayoloji zalla, ya yi jarrabawa ɗaya da su. A Tsangayar Ilmi kuma yana karanta tarihin ilmi, da falsafarsa, da halayyar yara, da tsara manhaja, da dabarun auna fahimtar ɗalibai. Sai koyarwar gwaji, wadda a jami'o'i da yawa mako shida ce sau biyu, da ɗan littafin bincike a shekarar ƙarshe. Wanda ya riga ya sami digirin kimiyya zalla yana iya bin gajeruwar hanya, ya yi difilomar ilmi ta shekara ɗaya. Ko ta ina mutum ya biyo, sai ya yi rajista da Hukumar Rajistar Malamai, wadda doka ta kafa a 1993, kuma tun 2017 take yi wa malamai jarrabawar cancanta.

A kan takarda babu abin kushewa. Tsarin ma daɗaɗɗe ne, ya samo asali tun bayan rahoton Kwamitin Ashby na 1960, lokacin da ƙasar nan ke neman malamai ido rufe, aka buɗe manyan kwalejojin horon malamai a Zariya a 1962 da Kano a 1964. Amma duk wanda ya zauna ɗaki ɗaya da mai wannan karatu ya san cewa ɗan'uwan namu agola ne a gida biyu. Masu kimiyya suna ganinsa baƙo, in kayan ɗakin gwaji ba su isa ba shi ne na baya a layi. Masu ilmi kuma suna haɗa shi aji ɗaya da mai shirin koyar da Tarihi da mai shirin koyar da Larabci, a yi musu lacca iri ɗaya. In lokacin laccar can ya yi karo da na nan, shi zai zaɓi wadda zai rasa.

Wannan ma da sauƙi. Babbar illar ita ce, kwas ɗin da ya kamata ya ƙulla kayan nan biyu, watau na hanyoyin koyar da kimiyya, shi ne mafi ƙarancin rabo. Sau da yawa a kan allo ake fara shi, a kan allo ake gamawa. Ɗalibi zai iya kawo sunayen masana halayyar yara da ra'ayin kowannensu, zai iya warware lissafin da ɗan aji shida bai taɓa mafarkinsa ba, amma ba wanda ya taɓa tsayawa a kansa ya ce, "Ga yara sittin, ga bututun awo uku, shirya musu gwajin asid da alkali." Alhali kuwa wannan shi ne abin da zai tarar ran da aka tura shi makarantar ƙauye. Jarrabawar ƙarshen sakandare tana da takardar gwaji da hannu a Kemistiri da Fiziks da Bayoloji, kuma malamin makaranta ne ke haɗa ruwan sinadaran da yara za su auna. In bai iya ba, ko yaran sun haddace littafi daga bango zuwa bango, sun riga sun yi asarar maki tun kafin su zauna.

Abin takaici, ɗakin gwajin yana nan kewaye da mu. Uwar da ta jefa kanwa cikin miyar yakuwa don ta kashe tsami, aikin asid da alkali ta yi, ko da ba ta san sunansa ba. Ruwan zoɓo ja ne in an ɗiga masa lemon tsami, ya rikiɗe ya yi duhu in an sa masa ruwan kanwa, don haka zai iya tsayawa a madadin sinadarin gano asid da makaranta ba ta da kuɗin saye. Marinan Ƙofar Mata a Kano suna tsamo zane daga rijiyar baba yana kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, ga darasin yadda iskar oksijin ke sauya sinadari a gaban idon yaro. Amma fa gano irin wannan sai wanda ya san Kemistiri sosai, aka kuma koya masa duban kasuwa da madafa da idon malami. Shi ya sa ba mu tare da masu cewa a rage wa ɗalibin ilmi kwasa-kwasan kimiyya don a sauƙaƙa masa. Mai ɗan sani ba ya iya ƙirƙira, sai dai ya kwafe littafi a kan allo.

An ga abin da ƙwararren malami da kayan aiki ke haifarwa. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda Jihar Kano ta buɗe a 1977, sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa daga gidajen talakawa. Manufar ƙasa ta cewa kashi 60 cikin 100 na masu shiga jami'a su zama 'yan kimiyya ba za ta cika ba sai sauran makarantu sun sami malamai irin na can.

Saboda haka muna roƙon Majalisar Dattawan Jami'a ta ware wani abu daga kason nan na 30 domin kwas na gwaji da hannu, wanda malaman tsangayoyin biyu za su koyar tare, a cikin ɗakin gwaji irin na sakandare, kafin ɗalibi ya fita koyarwar gwaji. In ya fita kuma, a sa masanin fanninsa cikin masu zuwa duba shi, domin mai duba tsarin darasi kaɗai ba zai gane ba in an koya wa yara kuskure. A kuma zauna a daidaita jadawalin lacca, wannan ko kwabo ba ya ci.

Mu ma ɗalibai da namu laifin. Har yau akwai masu yi wa ɗan Tsangayar Ilmi kallon wanda ya nemi likitanci ya rasa, wasu daga cikin masu karatun ma haka suke ɗaukar kansu, suna jiran wata ƙofa ta buɗe su fice. 'Yan'uwanmu ma'aikata da ke ma'aikatun ilmi kuwa, su suka san makarantun da ba su da malamin Fiziks ko ɗaya. Muna so su rubuto mana abin da suke gani a wurin sababbin malaman da ake turo musu, mu haɗa da koken ɗalibai, wakilan Ƙungiya su miƙa wa shugabannin tsangayoyin biyu kafin ƙarshen wannan zango.